Na Kai Iya Ladi Gida

Tun da na dawo ban huta ba. In aka tashi daga sujada ranar Lahadi, kafin in kai bakin ƙofa mata sun kewaye ni. Wannan ta ce, "Rifkatu, wai da gaske ne a can kare yana kwana cikin ɗaki?" Waccan ta ce, "Jirgin sama bai juya miki ciki ba?" Can sai wata ta rage murya ta ce, "Yaya kika baro Iya?" Wannan tambayar ce ba na iya amsawa a tsaye. Shi ya sa maigidana, Malam Yohanna, ya ce in zauna in rubuta komai, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Ga wanda bai san ta ba, Iya Ladi Baturiya ce, mutuniyar Amurka, mai aikin jinya. Ta zo Damagaram tun kafin a haife ni, kuma ranar Lahadi ta sauka, sunan ya bi ta har nata na ainihi ya ɓace. Mahaifina baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar da fada take, yana cikin mutanen farko da suka shiga ikilisiya. Ya rasu ina ƙarama ƙwarai, ko kamanninsa ban riƙe ba. Da mahaifiyata ta sake aure a Mirriya, Iya ce ta riƙe ni, ta sa ni lakwal na yi karatu, ta koya mini wankin ciwo da allura.

Da bazarar bana ta faɗi a ɗakin magani, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da bakinta ya buɗe sai aka ga abin mamaki: Ingilishi ya tafi, Faransanci ya tafi, Hausa kaɗai ta rage mata. Manyan mishan suka ce a mai da ita wurin danginta, kuma dole wani mai jin maganarta ya raka ta. Ba a yi doguwar shawara ba, duk ido ya dawo kaina. Na bar ɗiyata Saratu wurin surukata, yarinyar da ko sunana ba ta gama iya faɗa ba.

Motar mishan ce ta ɗauke mu, an shimfiɗa wa Iya katifa a baya. Har muka wuce Takieta tana tsammanin zagayen ƙauyuka za mu, tana ta tambayata ko na ɗauko maganin ido. A bakin iyaka ma'aikacin duwan, mai binciken kaya, ya leƙo, wani saurayi mai gashin baki, ya sara mata, ya nemi takardu da Faransanci. Ta dube shi da kyau ta ce, "Kai, ba Issufu ba ne ɗan mai gishiri? Har yanzu kana sosa idon nan da hannu mai datti?" Sai ga shi ya cire hula ya durƙusa a cikin rairayi. Akwatunan kayanmu kuwa, bai buɗe ko baliz ɗaya ba. Ya ruga ya sayo mana fura, ya tsaya yana kallon motar har muka shiga Nijeriya, ƙasar Ingilishi.

A Kano muka sauka gidan baƙi na mishan. Hausarsu tamu ce, sai dai in na ce lakwal su ce makaranta, in na ce wa babbar mota kamiyo su yi dariya. Matar da ke dafa abinci a gidan ta ji inda za ni, ta riƙe baki, sannan ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji a cikin tsumma ta ce, "Ki riƙe, 'yar'uwa. An ce mutanen can ganye suke ci ɗanye."

Jirgin sama kuwa, ba zan ɓoye muku ba, da ya ɗaga na kama hannun Iya, ni da aka aiko in kula da ita. Ita ce ta riƙa cewa, "Yi numfashi, 'yata." 'Yan matan da ke raba abinci suka yi ta yi mata Ingilishi, tana amsa musu da "Madalla, Allah ya yi albarka," sai su juyo su dube ni kamar ni na yi mata wani abu. Mun sauka a Ingila muka sake jirgi, muka ƙetare teku. Na leƙa sau ɗaya, ban ga komai ba sai fari a ƙasa kamar an baza kaɗa, wato auduga, ban ƙara leƙawa ba.

Duwan ɗin Amurka ba su san Iya ba. Wani ƙato ya kwance tsummana, ƙamshin daddawa ya tashi, ya ja da baya ya kira abokinsa. Da ɗan Ingilishin da nake da shi na ce abinci ne. Suka dubi juna, suka jefa daddawa da kuka cikin wani kwando, suka bar mini yaji. Na ji zafin abin nan fiye da yadda ya kamata.

Madam Helan, ɗiyar ƙanen Iya, ita ta tarye mu. Mace ce mai kirki, ta rungume Iya tana kuka, tana kiranta da wani suna da ban taɓa ji ba. Iya ta yi mata murmushi irin na baƙo, ta juyo ta ce mini, "Wace ce wannan? Ki ba ta ruwa." Jirgin ƙasa ya kai mu garinsu, ƙaramin gari mai itatuwa da yawa, gidaje duk na katako, babu katanga, babu zaure.

I, kare yana kwana cikin ɗaki, har da tasarsa. Amma ba shi ya fi ba ni mamaki ba. Maƙwabci zai fito, ya ɗaga maka hannu, ya shiga mota, gaisuwa ta ƙare ke nan. Ba mai tambayar gajiya, ba mai tambayar iyali. Ba kuma mai shigowa gidan wani sai ya buga waya tukuna. Iya, wadda a Damagaram ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba saboda masu sallama, sai ta wuni tana kallon ƙofa tana cewa, "Yau ba kowa? Ko an yi rasuwa ne a gari?"

Abinci ta ƙi shi sam. Madara mai sanyi, nama mai sanyi a tsakanin burodi, dankali da aka dama kamar kunu, duk ta kau da kai. Ni ma da ƙyar nake haɗiya. Rannan muka je kanti da Madam Helan, na ga garin masara, na ga kuɓewa a cikin sanyi, na kusa yin guɗa. Na tuƙa tuwo da cokalin katako, na kaɗa miya ba daddawa, na zuba yajin Kano. Iya ta sa hannu ta ci, ta ce miyar ba ta ji daddawa ba, ta cinye. Madam Helan ta tsaya tana kallon gwaggonta tana cin abinci da hannu, sai ta je ta wanko nata hannun ta zauna.

Muna nan sai wani malamin jami'a ya buga waya ya zo, sunansa Edwad, ni kuma ina ce masa Mushe Edwad irin na Faransawa, dogo, mai tabarau. Ya yi soja a Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, don haka da Faransanci muka yi magana, na ji kamar an cire mini ƙaya a harshe. Ya ce aikinsa tarihi, yana rubuta littafi a kan shugaban da ya mulki Amurka zamanin yaƙin duniya na farko. A ƙarshen mulkinsa shugaban ya yi irin ciwon da Iya ta yi, ya kwanta wata da watanni. Wata tsohuwar mai jinya da ya yi hira da ita ce ta ce masa, a cikin waɗanda suka yi aiki a gidan akwai wata yarinya da ta tafi Afirka daga baya. Ya daɗe yana nemanta.

Ni da na tashi a ɗakinta ban taɓa jin wannan ba. Na tambaye ta, ta ce, "Gidan Sarki? Na yi aiki can mana, ina budurwa. Ba wanda ya tambaye ni ne."

Na ce wa Mushe Edwad, mutumin da ya mulki ƙasa irin wannan, me ya rage ba a sani ba a kansa? Ya ce in zo in gani. Ya ɗauke ni da Madam Helan a mota zuwa Washinton. A hanya muka tsaya wani gidan abinci, mai wurin ya dube ni ya ce wa Madam Helan wani abu a hankali, ya nuna ƙofar baya. Ta yi ja har kunne, ta kama hannuna muka fita, muka ci burodi a cikin mota. Ba wanda ya yi mini bayani, ban kuma nema ba. Na gane.

Ɗakin ajiyar takardun ya fi kasuwar Damagaram girma, amma shiru kamar maƙabarta. Akwatuna ne jere har rufi. Wasiƙun da mutumin ya rubuta da waɗanda aka rubuto masa, jawabansa da gyaran da ya yi musu da alƙalaminsa, jaridun masu yabonsa da na masu zaginsa, duk an ajiye, ba a zubar da na zagin ba. Akwai hotuna, akwai majigi. Aka ɗora mini wani faifai, sai ga muryar mutumin da ya daɗe a ƙasa tana fitowa, siririya, tana kaɗawa. Mushe Edwad ya ce kowace takarda sai an tambaye ta wa ya rubuta ta, don wa, me yake so a ɗauka, kuma ba a yarda da ɗaya sai an sami wata ta tsaya mata. Sannan ya ce, "Amma watannin da ya kwanta, takardu sun yi ƙaranci. Mutanen gidan sun ja labule. Abin da ya rage yana bakin waɗanda suka shiga ɗakin, kuma suna ƙarewa."

Na tuna tsofaffin Birni da ke zama gindin katangar fada, waɗanda suka ga shigowar Faransawa da idonsu. Ba wanda ya taɓa ajiye musu akwati ko ɗaya.

Haka ya fara zuwa da hantsi, lokacin da hankalin Iya ya fi zama. Yana kawo akwatin ɗaukar murya mai faifai biyu masu juyawa. Ya yi tambaya da Faransanci, in mayar da Hausa, Iya ta amsa, in mayar masa. Wani lokaci dariya takan kama ni: labarin shugaban Amurka, daga bakin 'yar Amurka, sai ya biyo ta Damagaram kafin ya kai kunnen ɗan Amurka.

Wahalar ita ce, a bakin Iya komai ya zama namu. Shugaba Sarki ne, matarsa uwargida, ministoci fadawa, masu gadi dogarai. Ranar farko ta ce, "Tumakin Sarki sun cika ƙofar gida, akwai wani rago mai cin taba, in ka juya baya ya tunkuye ka." Na ji kunya. Na ce wa Mushe Edwad ya yi haƙuri, ta koma Damagaram, tumakin unguwarmu take nufi. Sai ya yi tsalle daga kujera. Washegari ya zo da hoto: ga farin gidan mulki, ga tumaki suna kiwo a gabansa. Wai lokacin yaƙi aka kawo su su ci ciyawa don a sallami masu yanka ta, ana kuma sayar da gashinsu don taimakon soja. Iya ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, "Ga ɗan banzan nan." Daga ranar na daina tace maganarta, abin da ta faɗa shi nake mayarwa.

Ba ta san zancen mulki ba, ta kuma faɗa masa haka. Ita ƙarama ce a cikin masu jinya, aikinta canja shimfiɗa da kawo ruwan zafi. Ta tuna ɗaki mai duhu, da uwargida tsaye a bakin ƙofa da takardu a hannu, da yadda ake rufe hannun da ya shanye da bargo in baƙi za su shigo. Mushe Edwad yana rubutawa, wani abin ya ce ya taɓa jinsa a wani bakin, wani ya ce sabo ne, sai ya bincika.

Ana cikin haka rannan ya shigo da jarida, ya nuna mini 'yan layuka a can ciki. Ƙasarmu ta sami 'yancin kai. Madam Helan ta yi mini barka, tana cewa Nijeriya, na gyara mata, ta sake cewa Nijeriya. Na fita bayan gida na zauna a kan matakala. Na san a wannan lokacin ana kiɗa a Damagaram, Malam yana cikin taro da 'yan lakwal ɗinsa, wataƙila Saratu na kan wuyansa. Damina ce kuma, gero ya kai gwiwa. Ni ga ni ina kallon wani mutum yana aske ciyawa da inji.

Bayan 'yan kwanaki Mushe Edwad ya tambayi Iya ko ta taɓa zama ita kaɗai da maras lafiyan. Ta rufe ido ta ce, "Na zauna. Ranar ƙarshe ma ni ce a wurin." Ya gyara zama. Ta ce, "Zazzaɓi ya cinye shi, amma bai yi raki ba. Ya ce in buɗe ƙofa ya ji iska. Na riƙe hannunsa. Yatsun nan jajaye wur da karan dafi, ko an wanke ba ya fita." Ina mayarwa da Faransanci, sai na tsaya a kan karan dafi, ina neman yadda zan ce jan rinin da dukawa ke sa wa fata. Kafin in samu ta ci gaba: "Abu ɗaya yake ta tambaya, an ba yarinyar abinci? Na ce an ba ta, ga ta can tana wasa da guntayen fata. Ya ce, Ladi, kada ki bari ta yi ta kuka, in ta fara ba ta iya dainawa."

Na daina mayarwa. Mushe Edwad yana jira da alƙalami a sama. Da ƙyar na ce masa, "Mushe, wannan ba shugabanku ba ne. Mahaifina ne."

Ya miƙa hannu zai kashe akwatin, sai ya fasa. Ya ajiye alƙalami, ya tura mini abin maganar gabana, ya ce, "Madam, tambaye ta. Duk abin da kike so." Ya tashi ya fita wurin kare.

Na tambaye ta har rana ta take. Dogo ne ko gajere? Ta ce gajere, mai faɗin kafaɗa, yana da wushirya irin tawa. Yana da faɗa? Ta ce sai a kan aiki, in ɗinki ya karkace sai ya farke jaka duka. Yana waƙa in yana aiki, murya ba daɗi, bai damu ba. Shi ya ɗinka mata jakar magani da ta yi ta yawo da ita ƙauyuka. Na girma a ɗakin matar nan, ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, kowa na gudun tayar wa ɗan'uwansa da hankali. Sai da na ƙetare teku na sami ubana. Da Mushe Edwad ya dawo ya cire faifan ya sa a kwali ya ba ni. Yana cikin akwatina yanzu. Malam ya ce an ce gidan rediyo a Yamai suna da irin injin da ke juya shi.

Da ganyen itatuwa ya fara ja, lokacin komawata ya yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, in na tafi, ba sauran mai jin maganarta a duk faɗin garin. Na zaunar da Madam Helan na koya mata ruwa, zafi, sannu, ina kwana, na koya mata tuƙin tuwo har ya daina gudaji. Mushe Edwad ya bar musu akwatinsa aro, ya sa na cika faifai da muryata: gaisuwar safe, waƙoƙin sujada, labarin unguwa, har cinikin kasuwa na yi ni kaɗai, ina tayawa ina sallamawa. Muka gwada kunna mata. Da muryata ta ce "Ina kwana, Iya," ta amsa, "Lafiya lau, 'yata," ko kallon inda nake tsaye ba ta yi ba.

Na yi zaton ranar tafiya ba za ta gane ba. Na shiga da shirin in ce kasuwa za ni. Ta dubi baliz, ta dube ni, ta ce, "Gida za ki." Na ce i. Ta ce, "Ni fa?" Na durƙusa na ɗora kaina a gwiwarta. Ta dafa ni da hannun mai lafiya, ta ce, "Tashi, Saratu na jira. Amma tsaya ki ɗauki saƙo." Sai ta fara daga ƙofar ɗakin magani, ta bi lungu-lungu har cikin Birni, gida bayan gida, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ki gai da wane, ki gai da wance, ki ce wa mai ɗinki ya rage goro. Ina cewa, "Za su ji."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A bakin iyaka tuta ta canja, amma Issufu na nan da gashin bakinsa. Ya leƙa bayan mota ya ga ba kowa, ya cire hula, bai tambaya ba. Na iske an yi girbi. Saratu ta ɓuya bayan kakarta, sai da aka kwana biyu ta yarda na ɗauke ta.

Saƙon Iya kuwa na isar da shi da ƙafata, gida-gida, kamar yadda ta jera. Na ƙarshe shi ne na Ya Fanta, Babarbariya mai sayar da turare a Birni, ƙawarta ta shekara da shekaru, wadda in azumi ya zo Iya ke kai mata ƙanƙara daga firijin magani. Ya Fanta ta rasu tun kafin in yi aure, Iya ma ta je gaisuwa, amma ta manta. Na yi ta jinkiri, daga baya na ce saƙo saƙo ne. Na je na yi sallama, ɗiyarta Hajiya Zara ta fito da tsintsiya a hannu. Muka gaisa. Na ce, "Hajiya, daga Amurka nake. Iya Ladi ta ce a gai da Ya Fanta."

Ta dube ni. Sannan ta jingine tsintsiyar a bango, ta gyara mayafinta, ta ce, "Za ta ji."